Naman Kaza da 'Yar Baffana

A duk unguwarmu a Kaikai, gidanmu kaɗai ake cin naman kaza. Sauran mutane in sun gan shi a gona sai su sa ƙafa su murje, su ce laimar kwaɗi ce, ba ruwansu da bambanta wannan da wancan. Kakata, mahaifiyar babana, ita ta san bambancin. A wurin uwarta ta koya, a wata shekarar yunwa tun tana yarinya. Da yunwar ta wuce kowa ya bari, ita ba ta bari ba. Iya muke ce mata. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, kuma ba ta iya yabon mutum ba. In ka yi abin kirki sai ta yi shiru, shirun nan shi ne ladanka.

Tun ban gama famfara ba nake bin ta daji. In aka yi ruwa mai tsawa, gari ya waye rana ta fito, shinge, garar nan mai tashi, ya zubar da fukafukai a tsakar gida, sai in ji ta taɓa ni da ƙafa.

"Tashi ki ɗauko ƙwarya."

Mukan ratsa gonakin gero, raɓa na jiƙa mana zane, mu tsallake rafi, mu shiga kurmi. A lokacin kurmi ne na gaske. Akwai kanya da marke da ɗinya da tsamiya, sun haɗe kai har rana ba ta taɓa ƙasa sosai, ganye ya ruɓe ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafa. Iya tana gaba da ɗan tsinken ƙarfenta na tono, ni ina baya da ƙwarya.

Ka'idojinta ba su da yawa, amma ba ta sassauta ko ɗaya. Wanda ake ci a gindin suri yake fitowa, ko kusa da shi, inda gara ke da gida a ƙarƙashin ƙasa. Tsakiyar hularsa yana da ɗan tsini. In ka tona za ka ga saiwarsa doguwa, tana ta sirancewa tana nutsewa, wani lokaci ta fi tsawon hannuna. Ƙamshinsa kamar na sabon garin dawa da aka yayyafa wa ruwa. Wanda ya fito a kan kashin shanu ba a taɓawa. Wanda gindinsa ke zaune cikin 'yar jaka kamar ɓawon ƙwai, shi ma haka. Wanda in an karya ya sake launi, ko ya yi ruwa kamar nono, a bar shi inda yake. Na jikin ruɓaɓɓen kututture, mai kama da kunne, ta ce akwai masu ci a kudu, amma uwarta ba ta nuna mata ba, don haka ba ta sani ba. Tumuƙun suri kuwa, dogon nan mai baƙin gari a ciki, na barbaɗa wa gyambo ne, ba na tukunya ba.

"Kada ki yarda da hula," in ji ta. "Hula kowa na da ita. Ki tona ki ga saiwa."

Ni ba mai saurin ganewa ba ce. Sai in wuce abu a gaban ƙafata ban gani ba, sai Iya ta dawo da ni ta nuna mini da tsinke. In na kawo biyar ta kan jefar da uku. Amma ni kaɗai ce. Yayyena maza suna gona, sa'o'ina suna tallan fura, wasu har waƙa suke mini, jikar mai cin laimar kwaɗi. Ban damu ba. A ganina kurmin nan na Iya ne, Iya kuma tawa ce.

Baffana, ƙanin babana, magatakarda ne a ofishin hakimi a Kankiya. Yana da ɗiya sa'ata, na girme ta da 'yan watanni. Damunar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, matarsa ta haihu ta sha wuya, sai ya ɗauko yarinyar a bayan keke ya kawo ta wurin Iya ta yi hutun makaranta. Ta sauko da takalmin roba, da 'yar jakar kaya, da ƙaramar tuta kore da fari da aka raba musu a makaranta, har ta fara koɗewa amma ba ta rabuwa da ita. Jikinta ƙamshin sabulu yake. Tana ce mini Yaya, abin da ba wanda ya taɓa ce mini.

Na so ta nan take. Na zaga da ita gari, na nuna mata rijiya da turken awaki da inda ake samun ɗanyar ɗinya. Ita tana ba ni labarin manyan motocin da ke wucewa ta Kankiya daga Kano zuwa Katsina, tana rubuta mini baƙaƙen boko a ƙasa da tsinke. Na ga tana da abin nunawa da yawa, ni ba ni da komai sai abu ɗaya. Saboda haka ni da bakina na roƙi Iya ta bari a tafi da ita kurmi. So nake ta ga ni ma akwai abin da na sani.

Iya ta dubi takalmin robar ta ce, "In ta yi kuka ke za ki goyo ta."

Ba ta yi kuka ba. Muna shiga kurmi na fara yi mata bayani da babbar murya, wannan kaza ne, wancan kaza ne, ina maimaita maganganun Iya kamar nawa. Tana ta gyaɗa kai. Ba mu yi nisa ba ta tsaya cak.

"Iya, akwai abu a can."

Na duba inda take nunawa. Busasshen ganye ne kawai da jar ƙasa, nesa kaɗan da wani tsohon suri da muka sha wucewa.

"Ba komai a nan," na ce. "Mun saba bi ta nan."

Iya ta ratse daga hanya. Ta je ta durƙusa ta share ganyen da hannu. Ƙasar ta ɗan tsage kamar bakin tsohuwar tukunya. Ta sa tsinke ta ɗaga, sai ga kawuna farare a cunkushe, ba su ko buɗe ba, irin waɗanda suka fi kowanne daɗi. Muka cika rabin ƙwarya a wurin nan kaɗai.

"Ke wa ya nuna miki?" in ji Iya.

"Ba kowa. Gani na yi ƙasar ta ɗago, ganyen bai kwanta kamar sauran ba."

Sai Iya ta yi dariya. Na taɓa ganin murmushinta, amma dariya mai sauti, har da dafa gwiwa, ban taɓa ji ba sai ranar.

"Wagga ɗiya tana da ido," ta ce.

Na yi dariya ni ma, don kada a gane. Amma abin ya tsaya mini a rai, tun daga kurmi har gida. Da aka yi miyar da yamma, da daddawa da barkono da ɗan man shanu, na ci loma biyu na ce cikina ke ciwo.

Daga ranar tsarin tafiyarmu ya sake ba tare da wani ya ce a sake ba. Ita ce a gaba, Iya na bin ta, ni ina can baya da ƙwarya. Ba a daɗe ba Iya ta miƙa mata tsinken tonon, wanda ni ko riƙe mata shi na yi sai ta ce in ajiye kada in ɓatar. Abin da na yi damuna uku ina haddacewa, ita sau ɗaya aka faɗa mata ya zauna. Har sababbin wurare ta gano mana. Takan tsaya ta ɗaga hanci ta ce, "Akwai a kusa," kuma in an duba akwai. In an zuba miya Iya kan tsamo manyan kawunan ta tura gabanta. Da na kai ƙara wurin Innata sai ta ce, "Haba, baƙuwa ce. Kwana nawa za ta yi?"

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta da laifin da zan kama. Ba ta yi mini gori, ba ta da rowa. In ta gano wuri takan kira ni, "Yaya, taho ki tona wannan," kamar ana ba yaro ƙashi ya tsotsa. Nakan kwanta in yi ta lissafa abin da take da shi. Tana da takalmi, tana da makaranta, tana da uba mai keke da agogo, ta taɓa shiga mota. Duk ban taɓa jin zafin waɗannan ba. Ni abu ɗaya gare ni, shi ma ta zo ta ɗauka da hannu ɗaya, ba ta ma san ta ɗauka ba.

Da hutu ya ƙare Baffa ya zo ya tafi da ita. Na raka su har bakin gari ina ɗaga hannu, raina fari ƙal. Na zaci komai zai koma yadda yake. Tsinken ya koma hannun Iya, ni na koma bayanta, amma yanzu mu uku ne a kurmin ko da ba ta nan. In muka zo wucewa ta wani wuri Iya kan ce, "Nan ne 'yar Kankiya ta gano mana." In bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ta fara tambayar duk wanda ya dawo daga kasuwar Kankiya yaushe za a ba 'yan makaranta hutu. Kuma kowace damuna sai ta zo, ta ƙara tsawo, ta ƙara haske, idon nan yana nan.

Wata damuna, lokacin mun fara zama 'yan mata, na ƙudura sai na kawo abin da zai sa Iya ta yi mini irin dariyar nan. An yi ruwa sosai. Da sassafe na ce zan je yankan ciyawar awaki, na ɗauki babbar ƙwarya na fita ni kaɗai. Ban shiga kurminmu ba, don duk surin da ke ciki an san shi. Na bi hanyar Bauranya, na yi tafiya har rana ta ɗaga, na iso wani fili inda Fulani suka taɓa zama da shanu suka tashi. A nan na gan su. Sun yi da'ira a cikin ciyawa kamar an dasa, farare tas, kowanne hularsa ta kai faɗin ƙaramin faifai. Ban taɓa ganin manya irinsu ba.

Na waiga na ga akwai suri can gefe. Da nisa, amma na ce wa kaina ai gidan gara yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Ba ni da tsinke, sai na riƙa tsinke su daga wuya ina jerawa. Na cika ƙwarya har ta yi tozo. Da na dawo ban bi ta bayan gida ba, na ratsa ta tsakiyar gari da ita a kai.

'Yar Baffa ce ta fara tarye ni a zaure. Ta taimaka mini na sauke. Ta duba, ta ɗauki ɗaya ta juya, sai fuskarta ta canja. Ta rage murya.

"Yaya, mu fita da su ta baya kafin Iya ta gani."

"Don me?"

"Ba su da tsini. Kuma ina saiwar?"

Da ta yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Rufa mini asiri take son yi, kuma wannan ne na kasa ɗauka. Na fizge ƙwaryata na wuce ciki na dire ta a gaban Iya, tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale.

Lokacin idon Iya ya fara yin hazo. Ta sa hannu ta shafa hular ɗaya, ta shafa wuyansa inda wani zobe yake, ta tura zoben da yatsa ya yi sama ya yi ƙasa. Ta sunsuna. Sannan ta ɓalle hular ta kife ta a kan farin kallabinta, ta ci gaba da tsinkar zogalenta kamar ta manta da mu. Ina tsaye, matan gida sun taru. Can ta ɗaga hular, ta kira 'yar Baffa, ba ni ba.

"Mi kika gani a ƙyallen?"

'Yar Baffa ta dube ni kafin ta amsa. "Ya yi kore-kore, Iya."

"To." Iya ta juyo wajena. "Ina kika samo?"

Na faɗa mata.

"Kin tona?"

Na ce ban tona ba.

"Je ki haƙa rami a bayan gida ki zuba ki rufe, kada kaji su ci. Ki wanke ƙwaryar da toka, ki wanke hannunki." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Har na ɗauki ƙwaryar sai na ji ta ce wa 'yar Baffa, "Bi ta, ki ga ta rufe da kyau."

Ina haƙa ina hawaye, ita tana tsaye a gefena. Daga baya ta durƙusa ta sa hannu tana taya ni tura ƙasa. Na ce ta bari, za ta ɓata kayanta. Ta ce ba komai. Na ture hannunta. Kwana da kwanaki ban yi mata magana ba, ita kuma kullum sai ta ajiye mini rabin gyaɗarta.

Bayan wannan damuna ba ta ƙara zuwa hutu ba. Ta ci jarrabawa aka kai ta makarantar kwana, in an yi hutu kuma tana Kankiya tana taya uwarta. Idon Iya ya ci gaba da rufewa har ta daina fita. Ni na koma mai zuwa kurmi ni kaɗai. Nakan tono da saiwa duka, in kawo in jera mata a faifai, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsu da hanci. Da farko takan ware wasu. Sannu a hankali ta daina samun na warewa. Ban taɓa samun idon nan ba, har yau ƙasa ba ta yi mini magana daga nesa. Amma na san kowane suri a kurmin, na san wanda ke bayarwa a farkon ruwa da wanda sai an shiga marka, kuma ban sake kuskure ba. Na yi aure a nan cikin gari, gidan mijina ba nisa, na ci gaba da kawo mata da goyo a bayana.

In ta gama shafawa takan ce, "Ya yi." Shi ke nan. Wani lokaci ta ƙara da, "Da 'yar Kankiya na nan, da ta gano na gindin kanyar can." Nakan ce, "Haka ne, Iya," in tafi wanke tukunya in yi ta dirzar ta fiye da yadda take bukata.

Sai shekarun fari suka zo. Ruwa ya yi ƙaranci, gero ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta mutuwa. Na yi ta zaga kurmi ina dawowa da ƙwarya wayam, surin duk sun ƙame kamar dutse. A cikin wannan ne Iya ta kwanta. Ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu. Takan kama hannuna ta shafa, ta ce, "Ke ce?" In ce ni ce. Sai ta ce, "An aika Kankiya kuwa?" An aika, amma 'yar Baffa tana can wani gari mai nisa tana koyon aikin jinya. Ba ta samu zuwa ba sai bayan an yi sadakar bakwai, ta yi kuka sosai, ta koma washegari.

Da ruwa ya dawo, duniya ma ta sake. Kuɗin mai sun shigo ƙasa. Samari suka tafi birni aikin gini suka dawo da rediyo da babur, rufin kwano ya fara ƙyalli a Kusada, garin da ke kusa da mu, aka kawo takin zamani. Wani mai hali ya sa tarakta ta cinye rabin kurminmu, ta baje surin da ke ciki ya shuka masara. Sauran rabin nake zuwa.

A irin wannan lokaci ne aka aiko cewa 'yar Baffa za ta zo gaishe mu. Ta zama ma'aikaciyar jinya a Kaduna, mijinta na da mota. An yi ruwa kwana biyu kafin zuwanta, na fita tun da safe na bi surin da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Allah ya taimake ni na samu ƙanana waɗanda ba su buɗe ba. Na yi miyar yadda Iya ke yi, ban rage komai ba, na tuƙa tuwon dawa mai laushi. Ban san me nake nema ba. Wataƙila so nake wanda ya san abin ya ci ya ce wani abu.

Ta zo da leshi da jaka da gilashin ido, ta rungume ni tana "Yaya, Yaya" kamar dā. Ta kawo mini turmin atamfa, ta kawo wa yara alewa da biskit. Muka zauna a ɗakina na ajiye mata kwano. Ta ci loma uku da daɗi.

"Yaya, wane irin nama ne wannan mai laushi haka?"

Na zaci wasa take. Na ce, "Naman kaza ne mana. Na gindin suri."

Hannunta ya tsaya a kan kwanon. "Wai har yanzu kuna cin abin nan?" Ta yi 'yar dariya. "Kin san a asibiti ana kawo mana waɗanda suka ci irin wannan, wasu ba sa tashi. Kin dai tabbata da shi ko?"

Ni take tambaya ko na tabbata.

Na ce mata, "Ke fa kika fi kowa ido. Kin manta ranar farko, da kika ga ƙasa ta ɗago? Kin manta ranar da na kawo masu kore daga hanyar Bauranya?"

Ta ɗan yi tunani, da gaske take ƙoƙarin tunawa. "Wallahi Yaya ban riƙe ba. Na dai tuna sauro, da wata ƙaya da ta taɓa shiga ƙafata kika cire mini. Ita Iya ai tsoronta nake ji, ba ta dariya."

Na ce, "Ke ta yi miki dariya."

"Allah sarki," in ji ta. "Allah ya jiƙanta." Ta ɗan taɓa tuwon ba miya, sannan ta wanke hannu ta ce ta ƙoshi, sun ci abinci a Kankiya kafin su taso. Ta shiga ba ni labarin gidan da suke ginawa.

Da la'asar na raka ta bakin rafi inda suka bar motar. Ta ce in zo Kaduna in kwana biyu, na ce in Allah ya yarda. Na tsaya har motar ta ɓace a bayan masara. A hanyar dawowa na gane ashe ban huce ba, sai ma abin ya sake sabon salo. Dā ina jin zafin an ba ta abin da ba a ba ni ba. Yanzu kuma ina jin zafin yadda ta iya ajiye shi a hanya ta wuce, ba ta ko waiwaya ba, don tana da wasu abubuwan da yawa.

Na shiga ɗaki na tarar da kwanonta a rufe. Na zauna na cinye miyar tas, ta huce amma ban taɓa yin wadda ta kai ta daɗi ba. Maigidana ya dawo daga gona ya gan ni zaune da kwano a gaba, atamfa a gefe ko buɗe ta ban yi ba.

"Lafiya? Ko zanen ne bai yi miki ba?"

Na ce zane ya yi kyau. Na tashi na zuba masa nasa tuwon.